Kitson Riskuwa Ya Yi Kyau

Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulƙudus Tamba, wanda Allah ya hore wa haƙurin zama a kan kujerar roba tun hantsi; mai girma mai unguwarmu da 'yan majalisarsa; malamanmu limamai da na'ibansu; iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfar hagu; 'yan kasuwa da ma'aikata; manoman fadama da suka baro shinkafa a Ambursa tana jiransu; baƙinmu da suka taso daga Argungu; 'yan'uwana mazauna Badariya, masu babbar waya da masu ƙarama. Ina gaishe ku gaisuwar wanda ya san girmanku, kuma gaisuwar wanda wata biyu ke nan ba ya iya kallon wayar da ke hannun ɗayanku ba tare da zargi ya shiga ransa ba.

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ni, Malam Dankure, tsohon malamin tarihi, in yi jawabi a kan kafa waifai a gida, wato intanet ɗin da ke bi ta iska, da kuma tsare shi. Baƙi za su zaci an zaɓe ni ne saboda ilimi, domin na karanta littattafai har sai da kantata ta lanƙwashe. 'Yan unguwa kuwa sun san gaskiya. An zaɓe ni ne domin kaf Badariya babu wanda waifai ya wulaƙanta kamar ni.

Ya ku jama'a, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da yadda Sarki Kanta ya kewaye birnin Surame da ganuwar dutse, ina buga tebur ina cewa garin da ba shi da ƙofa ba gari ba ne, fili ne. Da na yi ritaya sai na gina katanga mai tsawon da har maƙwabta suka yi gunaguni, na dasa mata fasassun kwalabe, na sa ƙofar ƙarfe. Sannan ni da hannuna na sayo wani ɗan akwati mai ƙaho biyu, wanda ake kira rauta, na aje shi a kan firji, ya buɗe wa gidana ƙofar da ba a gani, ba ta da ƙyaure, ba ta da maigadi.

Na saye shi ne saboda 'yata Riskuwa, mai shekara goma sha tara, wadda ke karatun aikin jinya, kuma rabin karatun nata a intanet yake. Da na ga abin ya yi daɗi sai na ƙara da kyamarori huɗu, aka ja musu waya zuwa cikin akwatin: ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a gareji, ɗaya a katangar baya, ɗaya kuma a tsakar gida tana kallon ɗakin da nake ajiye buhunan shinkafa. Ni na kafa komai, na kuma ce wa Riskuwa babu mai ganin tsakar gida sai mu. Takardar bayani da ta zo cikin kwali ban karanta ta ba, domin a ganina mutumin da ya karanta tarihin dauloli ba ya buƙatar takarda mai shafi shida ta koya masa kunna akwati. Na sa wa layin suna Gidan Malam Dankure, don kada wani ya yi kuskuren zaton na wani ne. Kalmar sirri kuwa na sa lambar wayata, wadda ke rubuce da jan fenti a jikin katangata ƙarƙashin sanarwar sayar da shinkafa.

Bayan kwana uku maƙwabcina Malam Abdussamadu ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, na ga sunanka cikin wayata. Ashe har iska kas saya? A ɗan tsakura muna mana." Ku gaya mini, wane ne a cikinku aka taɓa roƙonsa garwashin wuta ko gugan ruwa ya hana? Haka muka tashi. Na ba shi, na ce kada ya ba kowa. Ya rantse. Kuma bai yi kaffara ba, domin bakinsa bai faɗa wa kowa ba. Ashe waya tana nuna wata alama mai ɗigo-ɗigo, wata wayar ta ɗauki hotonta ta shige ba sallama. Daga wayarsa ta koma ta ƙanensa, daga ta ƙanensa ta koma majalisar mai shayi, daga majalisar mai shayi kuwa sai Allah.

To, a nan dole in yi wani ikirari a gaban limamai. Likita ya hana ni soyayyen abu saboda hawan jini, maiɗakina Ma'u kuma ta ɗauki wannan hani da tsananin da likitan kansa bai nufa ba. Wata Talata wani tsohon ɗalibina ya aiko mini da soyayyen giwan ruwa daga Argungu. Na jira Ma'u ta tafi barka, na tsuguna a bakin ɗakin shinkafa da tsakar rana, na gama da shi, na binne ƙayar a cikin tukunyar fulawa. Washegari da safe wayata ta ƙi kama intanet. Na duba jerin layukan da ke kusa, babu Gidan Malam Dankure. A gurbinsa akwai wani sabon suna: Malam ya saci giwan ruwa.

Wannan suna, ya ku jama'a, duk wanda ya buɗe waya daga ƙofata har zuwa bakin titi ya gan shi. A sallar azahar mutum huɗu ne suka ce mini, "Malam, ina gajiyar kihi?" Na ga wasunsu a nan, suna sunkuyar da kai. Ma'u kuwa ta ce, "To Alhamdu lillahi, tun da har na'ura ta hwara taya ni tsaron lahiyarka." Na zargi Ma'u, na zargi Riskuwa, na zargi ɗalibin da ya aiko kifin. Abin da ban yi ba shi ne in tambayi kaina tambaya guda: wane ne ya gan ni, alhali ni kaɗai ne a gidan, ƙofa kuma a kulle?

Na sa lambar wayata, layin ya kama, na ce wasan yara ne. Ranar Alhamis suna ya sake canzawa: Malam yana rawa da zani. Ba zan yi bayani a kan wannan ba, sai dai in ce motsa jiki ne likita ya umarta. Unguwa ta yi dariya, ni ma na yi yaƙe.

Ranar Asabar mai kitso ta zo. Riskuwa ta zauna a kan tabarma a tsakar gida, kanta a buɗe, kamar yadda kowace 'ya take zama a gidan ubanta. Kafin la'asar ta shigo falo riƙe da waya, ta miƙo mini. Na duba. An rubuta: Kitson Riskuwa ya yi kyau.

Na ji dariyarku ta tsaya. Tawa ma a nan ta tsaya.

Ban san lokacin da na fizge wayar wutar akwatin ba. Na fita tsakar gida na ɗaga kai, na ga kyamarar da na kafa don tsaron buhu tana kallon tabarma. Wani wanda ban sani ba ya zauna a wani wuri da ban sani ba, ya kalli 'yata, ya san sunanta, kuma yana son mu san cewa ya kalla. Wanda ya ga tsakar gida ya ga ƙofar gida. Ya san ƙarfe nawa take fita makaranta, ya san launin hijabinta, ya san ranakun da nake zuwa gona in bar mata su kaɗai. Ku da kuke sauraron labaru a wannan zamani ba sai na gaya muku abin da ya zo mini a rai ba.

Na ɗauki akwatin a ƙarƙashin hammata na nufi unguwar Nasarawa, shagon Izzuddeen mai gyaran kwamfuta, wanda na taɓa kayarwa a jarrabawar tarihi shekara ashirin da suka wuce. Ya biyo ni gida, ya kunna akwatin, ya shiga cikinsa ta kwamfutarsa. Ya ce, "Malam, mutum nawa ag gidanga?" Na ce uku. Ya juyo mini da kwamfutarsa. Wayoyi arba'in da ɗaya ne suka taɓa hawa layina. Ya ce, "To mabuɗin akwatin kansa hwa, mi kas sa?" Na ce wane mabuɗi kuma? Ya dafa kai ya ce, "Malam, don Allah zamna." Abin da ya koya mini a wannan zama shi zan miƙa muku, kuma ina roƙonku ku saurara da kunnen wanda yake da 'ya.

Na farko, ku sani rauta mabuɗi biyu gare ta. Akwai kalmar da ake ba waya ta hau layi, wannan kowa ya san ta. Akwai kuma kalmar shiga cikin akwatin kansa, inda ake canza suna, ake buɗewa, ake rufewa, ake ganin duk na'urar da ke gidan. Wannan ta biyu kamfani kan sa mata wata kalma mai sauƙi, sau da yawa iri ɗaya a dubban akwatuna, ya rubuta ta a ƙasan akwatin don mai saye ya canza. Ni ban canza ba. Kyamarori ma haka suke zuwa da tasu, ita ma ban canza ba. Wato na rataye mabuɗin ɗakin tsakiya a jikin ƙofa, na tafi ina lacca a kan ganuwa.

Na biyu, kalmar sirri ba lambar wayarka ba ce, ba sunan autarka ba ce, ba shekarar da ka je hajji ba ce. Ku haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda babu abin da ya haɗa su, ku cusa lambobi a tsakani, ta yi tsawon da mai zato zai gaji. A wurin zaɓen nau'in kulle ku zaɓi WPA2, ko WPA3 idan akwatin yana da shi. Akwai kuma wani maɓalli mai suna WPS da ke shigar da waya ba tare da kalma ba. Ku kashe shi. Sunan layi kuma kada ya zama sunanku. Babu wanda zai raina ku don bai ga sunanku a iska ba.

Na uku, kuma nan ne al'adarmu take ciwo. Ba na ce ku hana maƙwabci ba. Kakanninmu ba su hana baƙo shiga gida ba, zaure suka gina masa. Ya zauna, a kawo masa ruwa, a kawo masa fura, amma ba ya leƙa tsakar gida. Yawancin akwatunan nan suna da zaure, ana kiransa layin baƙi. Kalmarsa daban, kuma wanda ya hau shi intanet kawai zai samu, ba zai ga kyamara ko kwamfutar gidan ba. Ku buɗe shi, ku ba Malam Abdussamadu, ku canza kalmar duk wata. Zumunci ya tsira, sutura ta tsira.

Sauran kuwa gajeru ne. Ku kashe damar sarrafa akwatin daga nesa. Ku sabunta manhajarsa idan ta nema, kada ku danna "sai an jima" har shekara biyu. Ku riƙa duba jerin wayoyin da ke kai, idan ku uku ne kuka ga bakwai, to kuna da baƙi. Wanda kuma ya riga ya yi irin kuskurena, akwai wani ɗan rami a bayan akwatin, a sa tsinke a danna a riƙe, komai ya goge, a fara daga farko. Masu shaguna da ofisoshi, abin da na faɗa ya fi shafarku, domin layin da kuke ba abokan ciniki kada ya zama shi ne layin da kwamfutar aikinku take kai. Kyamara kuwa, ina roƙonku da girman Allah, ta kalli ƙofa, ta kalli katanga, kada ta kalli inda matanku suke ajiye mayafi.

Za ku tambaye ni, an kama shi? Ba a kama shi ba. Na kai rahoto inda ya kamata, an rubuta. Izzuddeen ya ce wayoyi arba'in da ɗayan nan lambobi ne kawai, babu suna babu fuska, kuma wanda ya iya canza sunan layi ya iya ɓad da sawunsa. Abu guda ya tabbatar mini: aƙalla sau ɗaya mutumin ya zo kusa da katangata, kusa sosai, har iskar gidana ta kai ga wayarsa. Na tambaye shi, to hotunan da ya gani, ya ajiye su? Ya ce, "Malam, wanga kam Allah kaɗai ya sani." Ƙila mai wucewa ne. Ƙila yaro ne mai ganin wasa yake yi. Ƙila kuma muna sahu ɗaya da shi a masallaci.

Yau akwatina a kulle yake ciki da waje. Kyamarar tsakar gida na cire ta da hannuna, na nuna wa Riskuwa ramin da ta bari a bango, na cike shi da siminti a gabanta. Kowace safiya ni nake kai ta makaranta, ni nake ɗauko ta. Amma wata biyu ke nan 'yata tana shara da hijabi, tana wanke-wanke da hijabi, tana cin abinci da hijabi a tsakar gidan da aka haife ta. Shekaranjiya na kira ta na ce, "Riskuwa, an gyara komi, babu mai ganinki." Ta dube ni ta ce, "Baba, wancan karon ma haka kac ce."

Na karanta littattafai da yawa, ya ku jama'a. Babu ɗaya da ya koya mini yadda ake mayar wa 'ya da tsakar gidanta.

Allah ya suturta gidajenmu, ya suturta matanmu da 'ya'yanmu. Allah ya tsare mu daga idon da muke gani da wanda ba mu gani. Wanda ya aikata wannan, in yana jina, Allah ya shirye shi, ya sa ya goge abin da ya ajiye. Allah ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya albarkaci damina da rani, ya mai da baƙinmu Argungu da Ambursa lafiya, ya mai da kowa gidansa ya iske iyalinsa cikin aminci.

Na gode.