Ɗakin Yara Ya Koma na Wake

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Saratu, daga bayan tashar jirgi a Ƙaura Namoda.

Mai gidan da muke haya dattijo ne a cocinmu. Da kaka ta yi, ya sayo wake a Shinkafi, ya ce mu fitar da yara daga ɗakinsu, zai jibge buhuna har wake ya yi tsada. Baban yara ya ce ba zai kwantar da 'ya'yansa a tsakar gida saboda wake ba. Aka yi cacar baki, ya tashe mu.

Yanzu baban yara ya rantse ba za su ƙara taka cocin da mutumin nan ke raba jibin Ubangiji a ciki ba. Jiya autarmu Rahila ta tambaye ni, "Mama, cocin ma Baba Dattijo ya zuba wake ne?"

Ran Lahadi zan kai su, ko da a ƙasa ne, tunda a garinmu an hana mu mata hawa kabu-kabu. Masu sauraro, yaya zan shawo kan babansu ba tare da rigima ba? Ɗaki nasa ne, ya karɓa. Coci kuwa ba haya muke yi ba.