Zaren Ƙugun Godiya

Iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu matar Bulus, mai zama a bencin baya kusa da taga. Wannan shaida da hannuna na rubuta ta, sati uku ina fama da ita. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri. In kuma kun ji zafi a cikin maganar, wannan kam ba kuskuren hannu ba ne. Raina bai gama hucewa ba, kuma Ubangiji ya sani, don na gaya masa.

Ni 'yar Kambari ce, daga wani ƙauye bayan Wara. Da Bulus ya sami aiki a ma'aikatar gona ta jiha, yana bin tarakta, sai muka dawo nan Yelwa. Ɗiyata Godiya tana da wata biyu lokacin. Yarinya ce ɓul-ɓul, in ka ɗauke ta sai hannunka ya sage. Ranar da za mu taso, Inna ta ɗaura mata zare a ƙugu mai 'yan duwatsu fari da ja. A wurinmu shi ne ma'auni. In yaro yana gaba, zaren zai matse, a kwance a ƙara dutse. In zaren ya fara yawo, uwa ta san da magana.

Washegarin zuwanmu na je famfo. Na cika tuluna na aza a kafaɗa, yadda matanmu ke yi tun kaka da kakanni. Sai wata ta ce, "Amarya, kan naki na aro ne, kike tattalinsa haka?" Duka layin suka kwashe da dariya. Na iso gida rabin ruwan a jikina.

Na ce to, waɗannan 'yan famfo ne. A coci ba za a yi mini haka ba.

Ran Lahadi ana tsakiyar wa'azi Godiya ta fara kuka, na fito da nono na ba ta. Me kuma uwa za ta yi? Bayan an tashi, Maman Dauda, matar hedimasta, wadda ke koya mana karatu, ta ja ni gefe. Tana nan zaune yau, kuma na nemi izininta kafin in ambaci sunanta. Ta ce, "Saratu, nan fa ba ƙauye ba ne. Ki riƙa kintsawa. Ba ki ga yadda nake wa nawa ba?" Ta buɗe jakarta ta nuna mini fida, kwalba fes da kan roba, da madara a ciki. Sai idonta ya kai ƙugun yarinyar. Ta ce, "Wannan kuma fa? Ɗan Kirista ba ya ɗaura kayan tsafi. Cire shi."

Ban yi musu ba. Wa zan yi musu da shi? Matar da ke buɗe Littafi Mai Tsarki ta karanta ba gargada? Na cire zaren a gabanta. Na so in jefar, hannuna ya ƙi. Na tura shi ƙasan akwati.

Daga ranar nan na ɗaura wa kaina yaƙi. Na ce wannan Saratun ta ƙauye sai na ga bayanta. Na fara koyon ɗaukar tulu a ka, na fasa biyu, wuyana ya sanƙare. Na daina yi wa Godiya wasa da yarenmu, ko muna mu biyu a ɗaki. Na shiga ajin karatu, na shiga ajin ɗinki, na shiga mawaƙa ko da yake muryata kun san ta. Duk abin da Maman Dauda ta yi ina kallo: yadda take ɗaura ɗankwali, yadda take riƙe jaka, har yadda take tari. A zatona girma cikin Ubangiji ke nan, in zama ita.

Na sayi fida a kasuwa, da gwangwanin madara mai hoton wani jariri kamar an hura shi. Bulus ya dawo daga Shanga inda suke huɗar gonakin shinkafa, ya ga ina girgiza kwalba, ya ce, "Uwar Godiya, naki ya ƙare ne?" Na ce masa, "Kai dai tarakta ka sani. Haka wayayyun mata ke yi." Ya ƙyale ni. Ina ma ya yi mini faɗa!

Rubutun jikin gwangwanin nan duk Turanci ne. Ni ko Hausar ban gama haɗa baƙi ba. Ban tambayi kowa ba, don kada a sake cewa 'yar ƙauye. Na riƙa zuba gari har in ga ruwa ya yi fari, shi ke nan. In gwangwani ya kusa ƙarewa, farin ya ɗan ragu, na ce ai fari fari ne. Kwalbar kuwa ina wanke ta sosai, da yashi, kamar yadda ake goge ƙwarya. Ran da famfo bai kawo ba, ruwan kogin Kwara nake ɗibowa. Kuma ga babban abin: a gidanmu ba a zubar da abinci. In Godiya ta rage madara da safe, sai in soke kwalbar a zanena in tafi aji da ita cikin zafin nan na Yauri. Da azahar in ga ta yi kauri, tana ɗan tsami. Sai in ce ai nonon Fulani ma sai ya yi tsami ake sha. In ba ta.

Da hannuna, 'yan'uwa! Ba maƙiyi ne ya yi mata ba. Ni ce, ina yi ina jin na ci gaba.

Zawo ya fara. Aka ce haƙori ne. Na yarda, don ina so in yarda. Ni fa mai lura ce, tun ina yarinya Inna ke cewa idona ya fi bakina aiki. Na ga kukanta ya canza, ya koma kamar na ɗan mage. Na ga tana kuka ba hawaye. Na ga maɗigarta ta lotsa. Duk na gani. Amma kullum ita nake goye da ita, idona ya saba, kuma abin da zai gaya mini gaskiya yana ƙasan akwati. Katin awo da aka ba ni a asibiti kuwa, layuka ne kawai a wurina, kuma ranar awo ta faɗo ranar ajin ɗinki, sau biyu ban je ba. Ina can ina koyon ɗinka rigar yarinya, yarinyar tana ƙarewa a bayana.

Ranar wata kasuwa sai ga Inna, da ƙunshin gero da gyaɗa a kafaɗa, ta ratso unguwar nan ko a jikinta. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne kada maƙwabta su gan ta. Ta ajiye kaya ta ce, "Ba ni kishiyata in gani." Na kwance goyo. Ta karɓa, ta ɗaga ta sama sau ɗaya, dariyar ta ɗauke.

Ta ce, "Ina zaren?"

Na ce, "Inna, an ce tsafi ne."

Ta ce, "Tsafin wa? Ni da na saya a kasuwar Wara wurin mai allura da madubi? Ɗauko shi."

Na ɗauko. Ban kwance ƙullin ba tun ranar, zare shi kawai na yi ta wani gefe, Inna ta mai da shi daidai inda yake. Ta tsayar da Godiya a cinyarta. Zaren da ya kusa shigewa cikin nama wata uku da suka wuce, ya sulale ta ɗuwawu, ya bi ƙafafu, ya faɗo ƙasa. Na ji ƙarar duwatsun a kan siminti. Har gobe ina jin ta.

Inna ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, "Na ba ki ɗiya, kin mai da ita ƙadangare. Me kike ba ta?" Na nuna mata fida. Ta shinshina, ta kawar da kai. "Ke akuya ma ta fi ki. Akuya ta taɓa aro wa ɗanta nono?"

Muka ruga asibiti. Nas ɗin wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta ja fatar cikin Godiya ta saki, fatar ta tsaya yadda aka ja ta. Ta ce, "Da kin ƙara kwana biyu, da ba nan za ki kawo ta ba." Ta nuna mini yadda zan dafa ruwa in sa gishiri da sukari in riƙa ba ta da cokali, ta ba da magani, sannan ta ce, "Maganin gaske yana ƙirjinki. Sa ta."

Na sa ta. Babu komai. Nono ya kusa ƙafewa, yarinya kuma ta manta da shi. Ta kama, ta saki, ta juya kai tana neman roba.

Da muka koma gida rana tsaka, na bar ta hannun Inna na zaga bayan ɗaki inda muke tara itace. Na durƙusa. Na fara addu'a irin ta aji, da Hausa mai kyau, kalmomin suka ƙi fita. Sai na ɓarke da yarenmu, wanda na yi wata uku ina ɓoyewa. Ba addu'ar ladabi ba ce. Na ce, "Ya Yesu, kai ka yi ni 'yar Kambari, ban roƙe ka ba! In kafaɗata laifi ce, me ya sa ka ba ni? Na bi mutanenka, na yi duk abin da suka ce, ga inda suka kai ni. Ka ba ni abincin ɗiyata kyauta, na raina. Na tuba. Amma ita me ta yi? Ka mayar mini da shi!"

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na sani, na tashi ba na jin kunyar kowa. Kuma na gane ashe yana jin Kambarci.

Inna ta zauna da mu. Ta dama mini kunun kanwa safe da yamma, ta ce in ba na sha za ta ɗura mini kamar jariri. Na ajiye ɗinki, na ajiye waƙa. Yini guda Godiya tana manne a ƙirjina, cokali a gefe, ko ta ja ko ba ta ja ba. Kwana ɗaya, biyu, biyar, ɗigo-ɗigo kawai. Zawo ya tsaya amma ba ta da ƙarfi. Bulus ya dawo ya same mu haka, ya zauna bakin ƙofa ya rufe fuska da hula.

Rana ta tara, da hantsi, ina tankaɗen gari sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, rigata ta jiƙe. Na sa ta, na ji tana haɗiya. Ƙwat, ƙwat, ƙwat! Inna ta saki guɗa har mai tallar kifi a waje ya tsaya. Haleluya! Haleluya!

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Da Godiya ta farfaɗo, na tafi gidan Maman Dauda in gaya mata dalilin rashin zuwana aji. Na yi sallama na shiga. Me zan gani? Tana zaune a tabarma, ɗaurin ƙirji, ba ɗankwali, autanta yana tsotson nono hankali kwance. Na tsaya kamar an dasa ni. Na ce, "Mama, ina fidar?" Ta ce, "Au, ai wannan ta ranar Lahadi ce da in za mu fita. Wa zai iya da tafasa kwalba kullum?"

Ta ranar Lahadi! Na kusa binne ɗiyata saboda kwalliyar ranar Lahadi!

Na gaya mata komai, ban rage ba, muryata har waje. Ta yi kuka. Ta ce ba ta taɓa zaton zan yaye Godiya gaba ɗaya ba. Na yarda, kuma na yafe mata, ita ce ma ta duba mini rubutun nan. Amma iyayena, ku da kuka riga mu wayewa, ku ji tsoron Allah da bakinku. In baƙuwa ta zo daga ƙauye, duk abin da kuka faɗa mata wa'azi ne a kunnenta. Kuna gyara mata ɗaurin zane, ba ku tambaya me yaronta ya ci.

Ban bar aji ba. Karatu alheri ne, da na iya shi da wuri da ban yi abin da na yi ba. Ina zuwa sau biyu a sati, sauran kwanakin na gidana ne. Ɗinki zai jira har a yaye Godiya. Waƙa kuwa, na san kun gode da na bari. Yanzu ba na fashin awo, kuma da kaina nake bin layin katin da yatsa ina ganin yana hawa. Ruwa kuma a kafaɗa nake ɗauka. Rannan mai ba'ar nan ta famfo ta sake tambayata ko kan na aro ne. Na ce mata, "A'a, nawa ne, karatu nake zubawa a ciki."

Ke 'yar'uwa da ke zaune a baya kina jin kowa ya fi ki, ki koyi duk abin da za ki iya koya, amma kada ki zubar da abin da Ubangiji ya riga ya ba ki. Ki tambaya ko za a yi dariya. Ki dogara gare shi, ki yi masa magana da harshen da uwarki ta yi miki, yana ji.

Na gode wa Yesu da ya mayar mini da ɗiyata. Ga ta nan a bayana. Wadda ke son gani ta zo bayan an tashi ta ɗaga rigarta. Zaren yana nan a ƙugunta, kuma satin jiya sai da Inna ta ƙara dutse uku kafin ya zagayo.

Amin.