Lamba Tara Guda Biyu

A tashar motar garin Meridian, tsoho Cleophus, wanda bai taɓa shiga aji ba amma ya binne likitocinsa uku, ya dubi ƙaton saurayin da ke gefensa.

"Samari, ina zuwa?"

"Gida, Baba. Babbar jami'a ta kore ni, na koma ƙaramar kwaleji ina buga ƙwallo irin ta masu sa kwalkwali, ko a sake ɗaukata. Mai zaɓen 'yan wasa ya zo ya kalli wasanmu, ya ce lamba tara yake so."

"Lambarka nawa?"

"Tara."

"To kukan me kake?"

"Mu biyu ke sa tara. Ɗayan, Tavion, aka ɗauka."

"Ya fi ka wasa ne?"

"Ranar ƙafarsa a ɗaure take. Ni ne a fili, kwalkwali ya rufe min fuska."

Cleophus ya sosa ƙeya. "Ikon Allah! Ashe riga suka ɗauka."

"Ita ma tana jakata, Baba."