Jikana Ya Kashe Mani Ƙudan Zuma

Salamu alaikum, ɗan nan mai karanta wasiƙu. Ni ce Iya Talatu daga Kuki, ƙarar jikana Lawali na kawo.

Amya uku marigayi maigidana ya bar mani a kan ɗorawar gona. Da waken Lawali ya yi fure, na roƙe shi kada ya fesa magani sai ƙudan sun koma amya da yamma. Ya ce, "Haba amaryata, ni da ke?" Washegari da hantsi ya fesa. Da tsintsiya na share gawarwakinsu ina kuka. Da na tuhume shi, wai, "Ai ƙwari ne, tsohuwa." Jiya amarya, yau tsohuwa!

Masu amya, me zan turara wasu su shigo? Ina gaida kowa. Lawali, ban da kai.