Fatar Kifi a Ƙafar Mai Suyar Kifi

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tashe ni. Fasto, na gode, a mayar da kujerar nan. A tsaye zan yi magana, na daɗe ina jiran ranar da zan tsaya.

Wanda bai san ni ba, ni ce Saratu mai suyar kifi a bakin tashar Matameye. Bara waccan, ranar kasuwa, wani ɗan kabu-kabu ya ture kaskona, tafasasshen mai ya kwarare mini a ƙafar dama. Fata ta saluɓe tun daga gwiwa har idon sawu.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku yi mini dariya. Ban je asibiti ba. Ni mai ɗaga murya a waƙar zumuntar mata, da wuya ta zo, gidan wanzamin unguwarmu na nufa. Ya liƙa mini gashin zomo a ƙunar, ya ba ni laya na ɗaura a ƙugu. Da ita nake zama a nan ranar Lahadi, a layi na biyu. Sannan ya kafa mini doka: mai ciwo ba ya cin kifi, ba ya taɓa shi, ko ƙarninsa kada in shaƙa, in ba haka ba ciwon zai ruɓe. Na kife kaskona na zauna a gida.

Wata bakwai ina bin dokar nan, ciwon kuwa ya ruɓe abinsa. Ya zama gyambo, yana ruwa, yana wari. Jikata ta daina hawa cinyata. Wannan ya fi ciwon yi mini zafi.

Yayana Issufu ne ya gaji, ya sa ni a mota zuwa Damagaram. Likitar da ta buɗe ƙafar ta ce, “Mama, kin makara ƙwarai. In bai rufe ba, yankewa za a yi. Amma akwai abu ɗaya da za mu gwada.” Ta ce za su ɗebi jinina, su juya shi a na'ura, su tace abin da ke haɗa nama a cikinsa su zuba a ciwon. Sai su rufe da fatar kifi wadda aka tsabtace, aka kashe mata ƙwayoyin cuta.

Da muka fito, Yaya ya ce, “Saratu, kina da hankali kuwa? Kifi fa. Abin da aka hana ki shaƙa shi za a manna miki? Gara a yanke ki tsira da ranki, ni zan sassaƙa miki sanda.” Ƙauna ce ta sa ya faɗa, na sani.

Na ja ƙafa zuwa gindin wata bishiya a harabar asibitin, rana tsaka, na zauna a ƙasa. Na ce, “Ubangiji Yesu, kai ka yi kifi, kai ka yi ƙafar nan. Na ji tsoron bakin mutum fiye da kai, ka gafarta mini. Amma ƙafata ba zan bar ta a Damagaram ba.” Na tsinke layar na jefa a kwandon shara. Na koma na ce wa likita a manna.

Ba a rana ɗaya aka warke ba. Sau uku ana sake fatar, sau biyu ana ɗibar jinina. Da labari ya iso unguwa, wasu suka ce kyanwoyi za su dinga bina, wasu suka ce in ruwan sama ya taɓa ni iyo zan fara. Na aika a gaya musu su tanadi bakinsu, za su ci kifina da shi. Likita ma cewa ta yi in ci kifi sosai, jiki na buƙata. Na ci har da kan kifin.

A mako na shida aka buɗe, sai ga jan nama ya taso daga gefe. Yaya Issufu ya juya baya yana share ido da hularsa.

Kada kowa ya fita nan ya je kasuwa ya kwaso fatar kifi ya liƙa a ciwo, ta asibiti daban ce. Kada kuma ku ɓoye ciwo ƙarƙashin zane kamar yadda na yi.

Na koma bakin tasha. Ranar da na hura wuta, wanzamin ya zo ya tsaya yana kallon tabon. Na naɗe masa kifi mai zafi a takarda. Ya karɓa.

Yau da ƙafa na tako daga gida, jikata a bayana. Na gode wa Yesu! Ku dogara gare shi tun ciwon yana ƙarami, 'yan'uwa. In an tashi kada kowa ya tafi, akwai kwano a bakin ƙofa, ni na soya, a tsaye.