Safa Ɗaya Fara, Ɗaya Baƙa

A shagon kayan wurin ninkaya na bi layi bayan wata mata da wani dattijo mai riƙe da jarkar kilorin, maganin tsabtace ruwa.

"Baba, me ya sami safarka? Ɗaya fara, ɗaya baƙa," in ji matar.

"Da ita nake gwada ƙarfin maganin nan, 'yata. In na ɗiga ta yi fari nan take, da sauransa. Jiya har na gama shan shayi ba ta canza ba."

"Ina kake ajiye jarkar?"

"Bakin ruwan ninkayar gidana mana."

"Cikin rana? Ai rana ta shanye ƙarfinsa! Ka bar safa ta huta. Ɗiga kaɗan a bokitin ruwa, ka tsoma takardar gwaji, launinta zai gaya maka."

"Ruwan ya yi kore shar, ga jikokina na tafe. Don su na gina, ni ko ƙafa ban taɓa tsomawa ba."

"Sayi sabo, zai washe kafin su iso."

"Kin san kan abin nan! Naki ruwan ai kamar madubi yake."

Ta kwashe da dariya, ta ɗaga ragar da ke hannunta.

"Ina! Na gaji da awo, Baba. Kifi nake kiwo a ciki yanzu."