Waɗanda Hannunsu Bai Kai Kunne Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya ara mana Hajiya Muhibba Sabo, ya bar mana ita har muka amfana, sannan ya karɓi abarsa a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimin Fagge. Masu unguwannin Kwaciri da Rijiyar Lemo. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ilimi da abokan aikina malaman makaranta. Dattawan Sabon Gari da suka tsallako domin wannan taro. Babanmu Alhaji Sabo, mijin marigayiya. Ƙannena Habibullah da Asama'u, 'ya'yan marigayiya. Iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin darbejiya. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Sodiq Tajudeen, ni ne shugaban wannan makarantar firamare da muke zaune a filinta. Da iyalan Hajiya suka ce ni zan yi magana da yawun jama'a, na ce a nemi wanda ya fi ni iya baki. Habibullah ya ce, "Masu baki suna da yawa, Sodiq, amma mai ƙaton kai irin naka kai kaɗai ne." Waɗanda suka yi dariya sun san labarin. Sauran ku saurara, domin daga wannan kan nawa aikin Hajiya ya faro.

Yaran yanzu ba su san yadda ake ɗaukar ɗalibi a zamaninmu ba. Takardar haihuwa ba kowa ke da ita ba. Ranar ɗauka sai a jera mu a bakin ƙofar can, a ce wa yaro ya ɗaga hannun dama, ya zagayo da shi ta tsakiyar kansa, ya taɓa kunnen hagu. In ya taɓa, ya isa shiga makaranta. In bai taɓa ba, a ce wa uwarsa, "Sai baɗi."

To ni Allah ya yalwata min kai, ya kuma taƙaita min hannu. Shekarar farko aka ce sai baɗi. Mahaifiyata, Iya Morufat, ta koma gida tana ja min hannu kowace safiya, tana shafa masa man ja ko zai miƙe. Baɗi ta yi, muka dawo, hannu ya tsaya a inda ya tsaya bara. Sa'annina sun shiga aji biyu, ni ina nan.

A wannan karo na biyu, wadda aka tsayar a ƙofa wata sabuwar malama ce, amarya, ba ta daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Iya ta ce mata, "Malama, wallahi shekarunsa sun kai. Kan ne ya yi yawa." Malamar ba ta da ikon karya doka, ba ta kuma karya ba. Amma ta yi abin da babu wanda ya taɓa yi mini. Ta tsuguna har idonta ya zo daidai da nawa, ta tambaye ni sunana. Na yi shiru, don a lokacin ba na iya haɗa magana sosai. Ta ɗaga kai ta ce wa Iya, "Ina yake yini?" Iya ta ce, "Ƙarƙashin teburina."

Iya shinkafa da wake take sayarwa a tashar jirgin ƙasa. Gefe guda wuta, gefe guda layin dogo. Don kada in faɗa ɗaya daga ciki, da ɗankwalinta take ɗaure min ƙafa a jikin tebur, daga safe har la'asar. Ba mugunta ba ce, so ne da rashin yadda za a yi. Kashegari Malama Muhibba ta zo tashar da ƙafarta. Ta tarar ba ni kaɗai ba ne. Kusan kowane tebur akwai yaro a ƙarƙashinsa, yana kallon ƙafafun mutane, babu mai lokacin ce masa uffan.

Ta koma gida Kwaciri ta ce wa Baba Alhaji tana son zaurensa. Baba ya ce, "Ni da abokaina mu zauna ina?" Ta ce, "Akwai dakali a waje." Baba, jama'a shaida ne, har yau a dakalin nan kake karɓar baƙinka. Duk yaron da ya zauna a zauren nan, kana da lada a kansa.

Haka aka buɗe ajin zaure, ajin waɗanda hannunsu bai kai kunne ba. Da farko da yamma ne, in ta taso daga aiki. Daga baya ta koya wa matan unguwa yadda ake yi, suka riƙe mata safiya.

Ta kasance ba ta yi wa ƙaramin yaro magana a tsaye. Ko ta tsuguna, ko ta zauna a tabarma. Da gwiwoyinta suka fara ciwo, 'ya'yanta suka sayo mata kujera, ta ce su kai wa babansu ita can dakali.

Ta kasance tana fara karatu da kunun gyada. In yaro ya shigo, cikinsa take fara tambaya kafin komai, sannan ta duba farcensa da idonsa. Yara nawa ne a unguwannin nan ake ce musu masu taurin kunne, ita ta gano ba sa ji ne sosai, ta tasa iyayen a gaba har asibiti? Wasunsu suna cikin wannan taro, suna kuma jin abin da nake faɗa.

Ta kasance kayan aikinta yashi ne da marafan kwalba da ƙwallon dabino da tatsuniya. Wannan ya jawo mata surutu. Na tuna ranar da maƙwabciyarmu a Sabon Gari, Madam Chinenye, ta shigo zaure da zafinta ta ce, "Hajiya, na kawo Chiamaka ta koyi boko, kullum sai ta dawo min da yashi a gashi." Hajiya ta ce, "Madam, ɗazu 'yarki ta raba wa yara uku marafan kwalba, kowa ya samu daidai, babu wanda ya yi kuka. Ke a kasuwa za ki iya raba wa manya uku abu su watse lafiya?" Madam ta yi dariya ta tafi, washegari ta dawo da buhun marafai. Chiamaka ga ta can sanye da fararen kaya, ita ce take yi wa 'ya'yanmu rigakafi a yau.

Ta kasance in yaro ya zo mata da Yarbanci ko Ibo ko Hausa, ba ta ce masa ya yi shiru. Cewa take yi, "Faɗa min da bakin gidanku, sai ka koya min." A zauren nan bakina ya buɗe. Iya takan ce tun da Hajiya ta buɗe shi ba a samu wanda ya rufe ba.

Kada kuma wani ya tafi da zaton Hajiya sanyin hali gare ta. Ta kasance mai faɗa, sai dai da manya take yi. In ta ji uba ya kira ɗansa daƙiƙi, har rumfarsa take bin sa, a gaban masu ciniki. Ina ganin wasu a sahun gaba suna sunkuyar da kai. Ba zan kama suna ba.

Shekaru suka tafi, Hajiya ta yi ritaya, zaure bai rufe ba. Amma akwai abin da ya tsaya mata a rai. Zaure ƙarami ne, kullum akwai yaran da ake cewa babu wuri. Gwajin kunne an daɗe da daina shi a makarantu, amma bai fita daga zukatanmu ba. Har yanzu mukan ce, "Bari ya ƙara wayo tukuna," kamar wayon daga sama zai faɗo masa a ƙarƙashin tebur. Burinta shi ne a buɗe ajin ƙananan yara a cikin wannan makaranta, ƙofar da ta mayar da mu ita ce za ta karɓi ƙannenmu.

Da aka ba ni shugabancin makarantar nan, na zaci murna ta zo yi mini. Ko zama ba ta yi ba, ta nuna ɗakin da muke tara karyayyun bencina ta ce, "Sodiq, wancan nake so." Na kai maganar gaban taron iyaye, suka ƙi. Suka ce manyan yara ma ba su samu wurin zama ba, ɗan shekara uku me zai koya? Maganarsu ba ta banza ba ce, ajujuwanmu a cike suke. Aka yi ta ɗaga zancen daga wannan zango zuwa wancan, jikin Hajiya kuma yana ƙara rauni. Wata rana Asama'u ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, in za ku yi, ku yi. Likita ya yi mana magana." Ranar na ji tsoro. Na ji tsoron matar da ta kwance min ƙafa daga jikin tebur za ta tafi ba ta ga abu ɗayan da ta roƙe ni ba.

Taron iyaye na gaba, ta sa aka kawo ta a keken marasa lafiya. Ba ta yi dogon bayani ba, numfashin ma ba zai bari ba. Ta ce, "Duk wanda ya taɓa zama a zaurena, ya miƙe in gan shi." Jama'a, sai ga mutane suna tashi. Kafinta ya tashi, birkila ya tashi, tela da direba da mai sayar da fenti a Sabon Gari suka tashi, har wanda ya fi kowa ƙin maganar, ya duba hagu da dama, shi ma ya miƙe. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, ga ɗaki can." Ba a sake muhawara ba. Karyayyun bencinan nan, kafinta ya yanke musu ƙafafu suka zama kujerun yara. Aka zuba yashi a kusurwa, mata suka kawo tabarmi.

Ranar buɗewa, ta ce a sauke ta daga keke, a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, daidai inda ta tsaya tana amarya. Muna nan sai ga wata tsohuwa daga Rijiyar Lemo riƙe da jikarta, Fathia. Kafin ta ƙaraso ta tsaya a gindin bishiya, ta kama hannun yarinyar ta zagayo da shi ta kanta. Bai kai ba. Ta sake ja, bai kai ba. Babu wanda ya ce mata komai, ta juya da jikarta za ta koma gida.

Hajiya ta ja min riga ta ce, "Kira ta." Na ruga na dawo da su. Ta ce, "Inna, ina za ki?" Tsohuwar ta ce, "Hannunta bai kai ba, Hajiya." Hajiya ta miƙa wa yarinyar hannu biyu ta ce, "Ai shi ya sa muke jiran ta." Fathia ce ta fara taka ɗakin nan. Na juya na ga Hajiya tana dariya, hawaye na zuba, ni ma ban ɓoye nawa ba. Ta gani da idonta, jama'a. Allah bai ɗauke ta ba sai da ta gani.

Baba Alhaji, ka yi rashin abokiyar zama, mu mun yi rashin uwa, amma ka ɗaga kai ka dubi filin nan, duk 'ya'yan zaurenka ne. Habibullah, Asama'u, kun raba mahaifiyarku da yaran unguwa tun kuna ƙanana, ba ku taɓa nuna mana mu bare ne ba. Mun gode. Ajin nan yana wuyanmu, mu mutanen Fagge da Sabon Gari, kuma ba za mu bari ya koma ɗakin ajiya ba.

Muna godiya ga duk wanda ya bar sana'arsa ya zo, da malaman da suka yi saukar Alƙur'ani, da matan da suka yi girki. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Fathia tana can kan cinyar kakarta. Har yau hannunta bai kai kunne ba, kuma gobe da safe tana da makaranta.

Ya Allah, ga baiwarka Muhibba ta zo ƙofarka. Mun san babu wanda hannunsa yake kaiwa a can sai wanda ka ji ƙansa. Ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka ba iyalanta haƙuri. Kada ka ce mata ta juya, ya Ubangiji. Ka ce mata ta shigo, ana jiran ta.

Amin. Fatiha.